Nasara 62, sannan shara a wasa huɗu: yadda wata ƙungiyar hokin ƙanƙara ta sayo ƙarfin jiki da abin da ta samu

Asalin lamarin, 2015 zuwa 2017

Ƙungiyar Tampa Bay Lightning tana gaɓar yamma ta jihar Florida a Amurka, tana buga gasar NHL, wadda ita ce ƙololuwar hokin ƙanƙara a duniya. Ana buga wasan a fili mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da bango da gilashi mai kauri. A maimakon ƙwallo, ɗan faifan roba mai tauri ake kora da sanda. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. 'Yan gaba goma sha biyu ake zuwa da su, an raba su sahu huɗu, kuma kowane sahu yakan yi kimanin sakan 45 ne ya fita a canje shi, domin gudun kan ƙanƙara yana cinye numfashi. Doka ta yarda a bangaje wanda ke riƙe da faifai da kafaɗa ko da ƙugu, har a matse shi da bango.

A lokacin, cikakkiyar kaka wasa 82 ce. Daga nan ƙungiyoyi 16 ke shiga zagayen fidda gwani na Kofin Stanley, inda ƙungiya biyu ke ta karawa da juna har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. A nan ne wasan ke sauya kama. Abokin hamayya ɗaya ake fuskanta kusan kowane kwana biyu har tsawon mako biyu, kocinsa ya haddace duk hanyoyin da kake bi, kuma ƙujewar da ɗan baya ya samu ranar Laraba tana nan a haƙarƙarinsa ranar Juma'a.

An gina wannan ƙungiya a kan sauri da gwanintar sanda. Manyan 'yan gabanta, irin su Nikita Kucherov da Brayden Point da Tyler Johnson, duk ba ƙarfafa ba ne. Salonta shi ne ta shiga gidan abokan hamayya tana riƙe da faifai, ana miƙa shi daga sanda zuwa sanda. A 2015 ta kai wasan ƙarshe, Chicago ta doke ta a wasa shida. A 2016 tana gaban Pittsburgh da nasara uku da biyu a matakin kusa da ƙarshe, ta faɗi a biyun da suka rage. A 2017 maki ɗaya ya hana ta shiga fidda gwani.

Alamar farko, Mayu 2018

A Fabrairun 2018 shugabannin ƙungiyar sun ɗauko ɗan baya Ryan McDonagh da ɗan gaba J.T. Miller daga New York Rangers. Ta sake kaiwa matakin kusa da ƙarshe, ta sake shiga gaba da uku da biyu, wannan karon a kan Washington. A wasa na shida aka ci ta 3-0, a na bakwai aka ci ta 4-0 a gidanta. Wasa biyu cur ba ta zura ko ɗaya ba. 'Yan Washington irin su Tom Wilson da Alex Ovechkin da Brooks Orpik sun yi ta bangazar 'yan bayanta duk lokacin da suka juya ɗaukar faifai a kwana. Ba a yi wani babban sauyi bayan wannan ba. A watan Satumba Julien BriseBois ya karɓi aikin babban manaja daga Steve Yzerman, ya bar 'yan wasan yadda ya same su.

Afrilu 2019

A kakar 2018-19 ƙungiyar ta ci wasa 62, ta yi kunnen doki da tarihin da Detroit ta kafa a 1995-96, ta tara maki 128. Kucherov shi kaɗai ya haɗa maki 128 tsakanin ci da taimakawa. Mutum uku sun ci sama da 40 kowannensu, mai tsaron ragarta Andrei Vasilevskiy ya karɓi kyautar gwarzon masu tsaron raga. A zagayen farko aka haɗa ta da Columbus, wadda ta gama kaka da maki 98 kuma ba ta taɓa tsallake zagaye ko ɗaya ba a tarihinta.

Ranar 10 ga Afrilu aka fara. Kafin a tashi zubin farko na minti 20 ƙungiyar ta ci uku babu ko ɗaya. A zubi na biyu aka tsinke wata miƙawa, Nick Foligno ya fita shi kaɗai ya rama ɗaya. A zubi na uku Columbus ta ci uku, ciki har da wadda Josh Anderson ya zura alhali ɓangarensu ne ke da ragin mutum ɗaya saboda an kori ɗayansu na ɗan lokaci. Aka tashi 4-3. Wasa na biyu 5-1, kuma a ƙarshensa Kucherov, cikin fushi, ya maka ɗan bayan Columbus da bango a lokacin da yake durƙushe, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Wasa na uku 3-1. Wasa na huɗu, ranar 16 ga Afrilu, 7-3. Jimilla an zura mata 19, ta zura 8. Babban ɗan bayanta Victor Hedman bai buga biyun ƙarshe ba saboda rauni. Ita ce ƙungiya ta farko da ta karɓi kambun mafi yawan maki a kaka sannan aka share ta a zagayen farko ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba.

Abin da kocin Columbus, John Tortorella, ya shirya a bayyane yake. Ɗan gaba ɗaya yana kora mai faifai zuwa gefe, biyu suna tsakiyar fili sun toshe hanyoyin miƙawa, 'yan baya biyu suna tsaye a kan shuɗin layin da ke bakin gidansu. Wanda ya dage sai ya ratsa da faifai, a ƙwace a juyo masa. Mafita ɗaya ce a irin wannan tarko: a cilla faifan can bayan 'yan baya, a bi shi da gudu, a ƙwato shi a jikin bango. Wannan aiki kuwa yana buƙatar mutanen da za su riga ɗan baya isa kwana ko su iso tare da shi su danne shi, kuma su maimaita haka duk daren. Ƙungiyar ba ta da sahun da wannan ne sana'arsa. In ta cilla, ɗan bayan Columbus Seth Jones ko David Savard ya ɗauke ya fitar cikin sauƙi. In ta ƙi cillawa, ta faɗa tarko. Bugun da take yi yawanci daga nesa ne, kuma babu mai tsayawa gaban mai tsaron ragar Columbus, Sergei Bobrovsky, ya tare masa gani.

Gyara mai araha, Yuni zuwa Disamba 2019

Ba a kori koci Jon Cooper ba, ba a sayar da tauraro ko ɗaya ba. Abin da ya ɗaure hannun manaja shi ne iyakar albashi ta NHL, wadda a kakar 2019-20 take dala miliyan 81.5 ga ƙungiya baki ɗaya. Mutum biyar kaɗai, wato Kucherov, Steven Stamkos, Hedman, McDonagh da Point, sun cinye fiye da miliyan 39. Don samun sarari aka tura Miller zuwa Vancouver a watan Yuni, aka karɓo gurbin zagayen farko a zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL ke yi duk shekara.

Da ɗan abin da ya rage aka ɗauko mutum uku, kowa kwantiragin shekara ɗaya. Luke Schenn, ɗan baya mai nauyi da bangaza, a kan dala 700,000. Kevin Shattenkirk, ɗan baya mai iya miƙa faifai, a kan dala miliyan 1.75. Sai Pat Maroon a watan Agusta a kan dala 900,000, ƙato mai fiye da kilo 100 wanda bai daɗe da ɗaga kofi da St. Louis ba. Aikin Maroon a sahu na huɗu shi ne ya juya wa ɗan baya baya a bayan raga, ya rufe faifai da jikinsa yana cinye lokaci, sannan ya je ya tsaya a gaban mai tsaron raga. In an taɓa wani tauraro bayan an busa, shi ke zuwa neman ba'asi.

Cooper kuma ya sauya abin da yake nema daga kowa: in babu hanya a shuɗin layi, a cilla, a daina miƙawa ta tsakiya a inda kuskure ke zama hari. Watannin farko ba su yi daɗi ba. Har tsakiyar Disamba ƙungiyar tana tangal-tangal a tsakiyar teburi. Daga ƙarshen Disamba ta ci wasa 10 a jere, daga ƙarshen Janairu kuma ta ci 11 a jere. Amma Maroon ba mai gudu ba ne, mintunan da ake ba shi kaɗan ne, Schenn kuma ya fi zama a benci. Sahun da zai farauci faifai a gaban manyan 'yan wasan hamayya har yanzu babu shi.

Cinikin Fabrairu 2020

Ranar 16 ga Fabrairu aka ɗauko Blake Coleman daga New Jersey. An bayar da matashi Nolan Foote da gurbin zagayen farko da aka samo daga Vancouver. Ranar 23 aka sa hannu da ɗan baya Zach Bogosian bayan Buffalo ta soke kwantiraginsa. Washegari aka ɗauko Barclay Goodrow daga San Jose, aka bayar da gurbin zagayen farko na ƙungiyar kanta.

An sha suka, musamman a kan Goodrow, wanda bai taɓa cin ƙwallo goma a kaka ɗaya ba. Lissafin manaja yana cikin albashi. Coleman na karɓar dala miliyan 1.8, Goodrow dala 925,000, kuma kwantiraginsu bai ƙarewa sai bayan kakar 2020-21. Wato a kan ƙasa da miliyan uku a shekara an samu mutum biyu da za su buga fidda gwani har sau biyu. Coleman ya ci 21 a kakar kafin a ɗauko shi, yana da gudu, yana bangaza. Goodrow na buga tsakiya da gefe, yana tare bugu da jikinsa. Dukansu ana sa su a fili idan an kori ɗan ƙungiya na minti biyu ana kare gida da mutum huɗu.

Sakamakon farko bai goyi bayan cinikin ba. A wasa goma na ƙarshe kafin annobar korona ta tsayar da gasa ranar 12 ga Maris, ƙungiyar ta ci uku ne kawai. Coleman da Goodrow babu wanda ya zura ko ɗaya. Stamkos kuma aka yi masa tiyata.

Agusta zuwa Satumba 2020

Aka dawo wasa a Toronto da Edmonton, ba 'yan kallo. Cooper ya haɗa Coleman da Goodrow da Yanni Gourde a sahu na uku. Gourde bai wuce santimita 175 ba, Coleman kusan 180, Goodrow ne kaɗai dogo a cikinsu.

Ga yadda suke aiki. Ana cilla faifai zuwa kwana, da gangan, saboda doka ta hana mai tsaron raga taɓa shi a kwanar da ke bayan layin raga, don haka dole ɗan baya ya juya ya je da kansa yana fuskantar bango. Na farkon da ya isa ba ruwansa da faifan, jikin ɗan bayan yake nema, ya manna shi da bango. Na biyu ya zo ya kwashe faifan. Na uku ya tsaya sama tsakanin da'irori biyu da aka zana a gaban raga, in an ƙwato a miƙa masa, in an rasa shi ne zai fara komawa gida. Kuskuren da ake yawan yi shi ne na ukun ya ga ana kokawa ya faɗa kwana shi ma. Da zarar faifai ya kuɓuce, abokan hamayya uku za su fita a kan 'yan baya biyu. Amfanin wannan farauta ya fi fitowa a zubi na biyu da ƙarin lokaci na farko, inda bencin kowace ƙungiya ke nesa da ragarta. 'Yan bayan da aka tsare a gidansu ba sa iya fita a canje su. In suka gaji suka watsa faifai daga gidansu har ƙarshen fili, alƙali ya busa a dawo da shi gidansu, kuma doka ta hana su canji. Sai Cooper ya turo sahun Point a kan mutanen da suka riga suka galabaita.

Zagayen farko ya sake haɗa su da Columbus. Wasan farko, ranar 11 ga Agusta, ya kai ƙarin lokaci na biyar, fiye da minti 150 na wasa. Mai tsaron ragar Columbus, Joonas Korpisalo, ya tare bugu 85. Gourde ne ya rama a zubi na uku, Point ya ci ta nasara. A wasa na huɗu da aka tashi 2-1, Goodrow da Gourde ne suka ci. An fitar da Columbus a wasa biyar, kuma duk nasarori huɗun da tazarar ƙwallo ɗaya aka same su.

Boston ta faɗi a wasa biyar, New York Islanders a shida. Ƙwallon da Anthony Cirelli ya rufe karawar Islanders da ita a ƙarin lokaci, Goodrow ne ya miƙo ta daga bayan raga. A wannan karawar aka ga kuɗin da ake biya idan bangaza ta wuce gona da iri: ɗan ƙungiyar, Alex Killorn, ya maka Brock Nelson na Islanders da bango daga baya, aka kore shi daga wasa na biyu aka dakatar da shi na uku, kuma ƙungiyar ta faɗi na ukun. A wasanni da dama Cooper ya fito da 'yan baya bakwai da 'yan gaba goma sha ɗaya, abin da ya ba Schenn da Bogosian damar ɗauke wa Hedman da McDonagh wasu mintuna masu wahala.

Ranar 28 ga Satumba aka doke Dallas 2-0 a wasa na shida aka ɗaga kofi. Point ya ci ta farko. Ta biyu Maroon ne ya tsinke faifai a tsakiyar fili, Cedric Paquette ya miƙa, Coleman ya buga. Stamkos minti 2 da sakan 47 kaɗai ya buga a fidda gwanin baki ɗaya. Hedman ya ci 10, aka ba shi kyautar gwarzo, Point ya ci 14, Kucherov ya tara maki 34.

2021

Iyakar albashi ba ta motsa daga miliyan 81.5 ba saboda korona. Kucherov bai buga kaka ba saboda tiyatar ƙugu, albashinsa bai shiga lissafi ba, ya dawo a fidda gwani inda iyakar ba ta aiki a lokacin. Wasu ƙungiyoyi sun yi ƙorafi, amma ba a karya doka ba. A watan Afrilu aka sake bayar da gurbin zagayen farko aka ɗauko Savard, ɗaya daga cikin waɗanda suka hana ta sakat a 2019.

A wasa na bakwai da Islanders an tashi 1-0, Gourde ne ya ci a lokacin da ƙungiyarsa ke da ragin mutum. A wasa na biyu na karawar ƙarshe da Montreal, ana saura kimanin sakan ɗaya a tashi zubi na biyu, Goodrow ya miƙa, Coleman ya yi tsalle ya kwanta ya tura faifai raga. Ranar 7 ga Yuli aka ci 1-0 a wasa na biyar, Savard ya miƙa wa Ross Colton a bakin raga, Goodrow kuma ya kwanta ya tare bugun Shea Weber da jikinsa a zubi na uku. Kofi na biyu ke nan a jere. A fidda gwanin shekarun biyu ƙungiyar ba ta taɓa faɗuwa wasa biyu a jere ba, kuma a 2021 duk wasan da ta rufe karawa da shi Vasilevskiy bai bari an ci shi ba.

Ƙoƙarin maimaitawa, 2021 zuwa 2024

Cikin wata ɗaya sahu na uku ya watse. Calgary ta ba Coleman shekara shida a kan miliyan 4.9 duk shekara, Rangers ta ba Goodrow shekara shida a kan kimanin miliyan 3.6, sabuwar ƙungiyar Seattle ta ɗauke Gourde.

A Maris 2022 aka bayar da gurbin zagayen farko har biyu aka ɗauko Brandon Hagel daga Chicago, mai albashin miliyan 1.5, sannan aka ɗauko Nick Paul daga Ottawa. Paul ne ya ci duka ƙwallaye biyun da ƙungiyar ta zura a wasa na bakwai da Toronto. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe karo na uku a jere, Colorado ta doke ta a wasa shida. Hagel ya ci 30 a kakar da ta biyo baya.

A Fabrairu 2023 aka ɗauko Tanner Jeannot daga Nashville, ƙaƙƙarfa mai bangaza da dambe, aka bayar da ɗan baya Cal Foote da guraben zaɓe biyar. Jeannot ya ci 24 a kakar 2021-22, amma a kakar da aka saye shi 5 kaɗai ya ci a wasa 56. Bayan zuwansa ya ci ɗaya a wasa 20, ya ji rauni a ƙafa gab da fidda gwani, ya ci 7 a kaka ta gaba. A Yuni 2024 aka tura shi Los Angeles a kan gurabe biyu. A shekarun biyu duk a zagayen farko aka fitar da ƙungiyar.

Hukunci

Ƙarfin jiki ya biya ƙungiyar, kuma wanda ya kalli karawar Columbus ta 2019 ya kalli ta 2020 ba zai musa ba. Sai dai ya kamata a faɗi wane irin ƙarfi. Mutanen da suka juya lamarin su ne waɗanda ke da ƙafar isa kwana a kan lokaci, su danne ɗan baya, su fito da faifai, kuma koci ya iya sa su gaban manyan 'yan wasan hamayya ko a lokacin ragin mutum ba tare da gabansa na faɗuwa ba. Gourde, wanda ya fi kowa gajarta a sahun, yana ƙungiyar a 2019 lokacin da aka share ta. Abin da ya rasa a lokacin shi ne abokan farauta biyu, domin mutum ɗaya ba ya danne ɗan baya kuma ya kwashe faifai a lokaci guda. Maroon da Schenn sun yi amfani, amma a matsayin ƙari, kuma watannin farko na kakar 2019-20 sun nuna su kaɗai ba su isa ba.

Abu na biyu farashi ne. Darajar Coleman da Goodrow tana tattare da cewa albashinsu bai tilasta a saki tauraro ko ɗaya ba. Goodrow ɗin da ya yi arha a kan dala 925,000 ya yi wa Rangers tsada a kan miliyan 3.6, har suka sake shi a 2024 da sauran shekara uku a kwantiraginsa. Cinikin Jeannot kuwa kuskure ne a ganina tun daga lissafi, domin an biya kuɗin mai cin 24 a kan wanda yake cin 5, an sayi nauyi da dambe alhali abin da ya ci kofi a 2020 gudu ne haɗe da nauyi.

Kada kuma a ɗora wa sahu na uku abin da ba nasa ba. A 2019 Hedman na da rauni, an dakatar da Kucherov, an zura wa ƙungiyar 19 a wasa huɗu. A 2020 da 2021 Hedman da Point da Kucherov da Vasilevskiy duk suna kan ganiyarsu, kuma su ne suka ci yawancin ƙwallaye ko suka hana a ci. Ƙungiyar da ba ta da irin waɗannan huɗun, in ta zuba guraben zagayen farko a kan masu farautar kwana, za ta ƙwato faifai ta rasa wanda zai zura shi. A nan an riga an mallaki masu zurawa tun 2015, shi ya sa gurabe biyu na Fabrairun 2020 suka cancanci a kashe su.